MASU TSARON MUTUM: DAGA DOGARIN SARKI ZUWA MAI GADIN ƘOFA



A wannan wata za mu yi magana a kan wata sana'a wadda kowa ya san ta, amma ba kowa ya tsaya ya dube ta da kyau ba. Ita ce sana'ar tsaron mutum. Soja yana tsaron ƙasa baki ɗaya. Amma akwai wanda aikinsa shi ne ya tsare ran mutum guda, ko gida guda, ko matafiya a kan hanya. Irin waɗannan mutane suna da yawa, kuma iri-iri ne.

Me ya sa muka ɗauko wannan magana yanzu? Dalili biyu ne. Na farko, tun wajen shekarar 2018 ɓarayin shanu da masu sace mutane don kuɗin fansa suka matsa wa garuruwan bakin iyaka, musamman a gundumomin Madarumfa da Gidan Rumji. A shekarar 2019 dubban ƴan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudo nan jihar Maraɗi. An zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Tun daga nan maganar tsaro ta shiga kowane gida. Na biyu, samarinmu da yawa idan an gama aikin gona suna tafiya cin rani, kuma aikin da suka fi samu a birane shi ne gadi.

Saboda haka ya kamata mu san masu tsaron nan, mu san bambancinsu. Kuma duk wanda muka ambata, za mu auna shi da tambaya uku. Wa ya sa shi aikin? Wa yake biyansa? Gaban wa zai tsaya idan ya yi laifi? Ku riƙe tambayoyin nan, za mu yi ta komawa gare su.

DOGARIN SARKI

Mai tsaron da muka fi sani shi ne dogari. Duk wanda ya taɓa zuwa hawan salla a Tsibiri ko Maraɗi ko Tasawa ya gan shi. Rigarsa ja da kore, rawaninsa ja. Tun daga nesa ake gane shi, kuma da gangan aka yi haka. Idan mutum ya hango jan rawani, ya san sarki yana kusa, sai ya kintsa.

Aikin dogari ya fi abin da ido ke gani. Shi ke tsaye a ƙofar fada, ya san mai shiga da mai fita. Shi ke buɗe hanya idan sarki ya fito, yana cewa a yi hattara. Idan sarki zai hau doki, ko zai sauka, ko zai gyara rawani, dogarai sukan buɗe manyan rigunansu su kare shi daga idon jama'a. Wannan girmamawa ce, kuma kariya ce, don wanda ba a gani ba shi da sauƙin jifa. Dogarai suna da shugabansu, shi ne Sarkin Dogarai.

Ba dogari kaɗai ke kewaye da sarki ba. Akwai zagi, wanda ke tafiya a ƙasa gaban dokin sarki. A zamanin yaƙi akwai ƴan lifida, masu rufe jikinsu da na dawakinsu da tufa mai kauri da aka cusa wa auduga, don kada kibiya ta shiga. Akwai ƴan sulke, masu rigar ƙarfe. Akwai ƴan baka da ƴan bindiga. A cikin gida kuma, inda maza ba su shiga, akwai jakadiya, mace ce mai kai saƙo tsakanin sarki da iyalinsa, kuma ta san duk wanda ya taka cikin gidan.

Ƙasarmu ta san amfanin waɗannan mutane, don cikin yaƙi aka kafa ta. Bayan jihadi, sarakunan Katsina suka baro birninsu, Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen shekarar 1819. A shekarar 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci nasara, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka rasu a fagen fama. Bayan haka ne Gobirawa suka kafa Tsibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi. A irin wannan zamani, sarkin da ba shi da amintattu a gefensa ba ya daɗewa.

Yau yaƙin dawaki ya wuce. Amma sarauta tana nan, kuma dokar ƙasa ta san da ita. A shekarar 2010 gwamnati ta ɗaga sarautar Gobir da ta Katsinar Maraɗi zuwa matsayin sultan. Dogarin yau shi ne mai kai sammaci. Idan shanu sun shiga gona, aka kai ƙara, shi ake aikawa ya kira mai gona da mai dabbobi. Sarki ne ya sa shi, gaban sarki yake amsawa. Saboda haka idan dogari ya karɓi abin hannunka ba bisa ƙa'ida ba, ka san inda za ka kai kuka.

Kada a ce amanar dogari tsohon labari ne. A ranar 19 ga watan Janairu 2013, ƴan bindiga suka buɗe wa motar Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero wuta a cikin birnin Kano. Dogaransa suka rufe shi da jikinsu. Direbansa da wasu daga cikin dogaran suka rasu, sarki ya tsira. Ba su da makamin da ya kai na maharan. Abin da suke da shi amana ce, kuma sun cika ta. Allah ya jiƙansu.

MASU RAKIYAR MATAFIYA

Iri na biyu su ne masu tsaron mutum a kan hanya. Kakanninmu fatake sun yi tafiya mai nisa, har ƙasar Gwanja, a arewacin Gana ta yau, don sayo goro. Tafiyar watanni ce, cikin daji mai ƴan fashi. Ba wanda ke fita shi kaɗai. Sai a haɗa ayari, a sa madugu a gaba. Madugu ya san hanya, ya san rijiyoyi, ya san sarakunan da za a ba gaisuwa a wuce lafiya. Yana da jagaba, wanda ke wucewa gaba ya duba hanya da zango kafin jama'a su iso. Da dare kuma ana sa masu kwana ido biyu. Haka ma ayarin raƙuman Abzinawa masu ɗauko gishiri daga Bilma da Fashi, suna da madugunsu.

Ku lura da abu guda. Ƙarfin madugu sanin hanya ne da sanin mutane. Madugun kirki shi ne wanda ya kai ayarinsa ya dawo da shi ba a zare takobi ko sau ɗaya ba. Fatake ne ke biyansa, kuma idan ya ɓatar da su, badi ba wanda zai bi shi. Sunansa shi ne jarinsa.

Yau ma akwai rakiya. A wuraren da hanya ba ta da lafiya, jami'an tsaro sukan raka motocin jama'a ko na ma'aikatan agaji. Dabarar ita ce dai ta da: a tafi tare, a tafi da rana, a sa wanda ya san hanya a gaba.

GARDIN ZAMANIN NASARA

Da Faransawa suka zo, sai suka kawo nasu masu tsaro. Tsofaffinmu suna tuna gardi-sarki, masu tsaron kwamanda. Baƙaƙen fata ne kamarmu, yawancinsu tsofaffin soja. Su ke raka kwamanda rangadi, su ke tsaron gidan kaso, su ke kamo mutane don haraji da aikin tilas. Sai a shekarar 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka.

Me ya sa talakawa suka ji tsoron gardi-sarki, har yara su ruga daji idan sun hango shi? Mu koma ga tambayoyinmu. Kwamanda ya sa shi, kwamanda ke biyansa, gaban kwamanda kaɗai yake amsawa. Idan ya kama kazarka, ko ya kwashe hatsinka don dokinsa, ba ka da wurin kai ƙara. Mai tsaron da talaka ba shi da inda zai kai ƙararsa, bala'i ne ga talaka.

Kuma shi kansa maigidan bai tsira ba. A shekarar 1899 wasu hafsoshin Faransa biyu, Vule da Shanwan, suka ratso ƙasar nan da sojojinsu suna ƙone garuruwa. Su ne suka yi yaƙi da Sarauniya Mangu a Lugu, su ne suka yi wa Birnin Ƙonni ɓarna. A watan Yuli na shekarar, a kusa da Maijirgi, gabas da Tasawa, sojojinsu suka juya musu baya. Aka harbe Shanwan. Kashegari da asuba mai gadin sansani ya harbe Vule. Kaburburansu suna nan a Maijirgi. Wanda ya koya wa yaransa zalunci, wata rana a kansa za su gwada.

JAMI'AN GWAMNATI

Bayan samun mulkin kai a ranar 3 ga watan Agusta 1960, tsaron shugabanni ya koma hannun ƴan ƙasa. Ya kamata mai karatu ya san bambancin jami'an da yake gani.

Ƴan sanda sun fi aiki a birane. Jandarmomi su ne suka fi kula da karkara da manyan hanyoyi, kuma su ke binciken laifi idan an yi sata ko kisa a ƙauye. Akwai kuma ƴan gardi na ƙasa. Su ke tsaron ma'aikatun gwamnati da gidajen kaso, kuma su ke raka gwamna da perefe idan sun fito rangadi. Sai rundunar tsaron fadar shugaban ƙasa a Yamai.

Duk waɗannan gwamnati ce ta sa su. Da kuɗin jama'a ake biyansu. Suna da manyansu, kuma akwai kotu. Saboda haka ba a biyan jandarma ladan zuwa ceton wanda aka kai wa hari, aikinsa ke nan. Idan an ci ka tara, ka nemi takardar shaida.

Me ya sa shugaba ke buƙatar masu tsaro? Ga misali daga ƙasarmu. A watan Afrilu 1965, ranar Babbar Salla, aka jefa gurneti a filin idi na Yamai inda Shugaba Diori Hamani yake salla. Shugaban ya tsira, amma wani yaro ya rasu. A Amurka ma, bayan an kashe shugabansu a shekarar 1901 ne aka ɗora wa wata hukuma ta musamman aikin tsaron shugaban ƙasa dare da rana. A da aikin hukumar kama masu buga jabun kuɗi ne.

To amma tarihi ya nuna wani abu mai nauyi. Wanda ya fi kowa kusa da kai, shi ya fi kowa iko a kan ranka. A ranar 31 ga watan Oktoba 1984, masu tsaron Firaministar Indiya, Indira Gandi, su biyu, suka harbe ta a cikin gidanta. A watan Janairu 2001, wani mai tsaron Shugaba Loran Kabila na Kwango ya harbe shi a ofishinsa. A nan gida, ranar 9 ga watan Afrilu 1999, masu tsaron fada suka harbe Shugaba Ibrahim Bare Mainasara a filin jirgin saman Yamai. A ranar 26 ga watan Yuli 2023 kuma, rundunar tsaron fada ce ta tsare Shugaba Mohamed Bazum, daga nan mulki ya koma hannun soja.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa dalili, kuma ba wannan shafi ne zai yi musu shari'a ba. Abin da muke so ku gani shi ne, duk yawan makami da duk tsawon katanga, ƙarshen tsaro yana komawa ga zuciyar wanda ke tsaye a ƙofa.

MAI TSARON LAFIYA NA ZAMANI

A manyan birane akwai wasu da suka koyi tsaron mutum kamar yadda ake koyon kowace sana'a. Suna tsaron ministoci, da jakadun ƙasashen waje, da manyan ƴan kasuwa, da mawaƙa. Wasu na gwamnati ne, wasu na kamfani. Akwai mata a cikinsu, don mace tana shiga inda namiji ba ya shiga. Kanar Gaddafi na Libiya ya yi suna da mata masu tsaronsa.

Mutane suna zaton aikin nan na ƙato ne mai ƙirar samudawa. Ba haka ba ne. Ga yadda suke raba aikinsu. Ɗaya yana riga kowa zuwa wurin da maigida zai je, ya duba ƙofar shiga da ta fita, ya san asibiti mafi kusa. Wannan shi ne jagaban zamani. Ɗaya direba ne, ya san hanya fiye da guda, kuma yana ajiye mota fuskarta na kallon mafita. Ɗaya yana manne da maigida. Shi wannan ba maigida yake kallo ba, jama'a yake kallo, musamman hannuwansu. Idan abu ya faru, ba ya tsayawa nuna jarumta. Sai ya rufe maigida da jikinsa, ya fitar da shi daga wurin.

Suna da wasu ƙa'idodi kuma. Ba su bin hanya guda kullum. Ba su fita lokaci guda kullum. Ba su faɗa wa kowa inda za a je gobe. Suna koyon taimakon farko, watau yadda ake tsai da jini kafin a kai mutum ga likita. Ranar da ta fi musu kyau ita ce ranar da ba abin da ya faru. Hausawa sun riga sun faɗa, rigakafi ya fi magani.

MAI GADI

Yanzu mun zo kan aikin da ya fi shafar ƴaƴanmu. A Maraɗi da Yamai, a Kano da Abuja da Legas, idan ka ƙwanƙwasa ƙofar babban gida, sau da yawa ɗan ƙasar nan ne zai buɗe maka. An san mutanenmu da haƙuri da riƙon amana, shi ya sa ake neman su. Wannan suna dukiya ce da iyaye suka bar mana. Mutum guda idan ya ɓata shi, ya rufe wa ɗari ƙofa.

Gadi iri biyu ne. Akwai wanda maigida ya ɗauka kai tsaye. Akwai kuma wanda kamfanin gadi ya ɗauka, ya ba shi kayan sarki, ya tura shi banki ko kanti ko gidan wani. Kamfani ke karɓar kuɗi daga mai wurin, sannan ya biya mai gadi.

Saurayin da zai tafi neman wannan aiki, ga shawara.

1. Ka tafi da katinka na shaidar ɗan ƙasa. Mai gadi marar takarda shi ake fara kamawa idan abu ya ɓace.

2. Ku yi magana a kan albashi tun ranar farko, gaban shaida. In da hali a rubuta. Ga amfanin karatun da kake koyo: kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba. Ka sani kuma, a shekarar 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi a Nijar zuwa jika 42 a wata.

3. Ka tambayi lokacin hutu. Wanda ya yi gadin dare kuma ya wuni yana wankin mota da aike, barci zai sace shi. Kada kuma ka sha taramol ko wata ƙwaya don hana barci. Tana kashe hankali, tana kashe lafiya.

4. Kada ka saukar da baƙon da ba ka sani ba a ɗakin gadi, ko da ya ce daga garinku yake. Kada ka karɓi ajiyar kayan da ba ka san cikinsu ba.

5. Sirrin gida amana ne. Lokacin fitar maigida, makarantar yaransa, ranar tafiyarsa, duk ba abin hira ba ne a wurin mai shayi.

6. Kada ka riƙe bindiga ba da izinin hukuma ba. Laifi ne babba. Makamin mai gadi fitila ne, da usur, da waya, da ido.

Ku kuma masu ɗaukar gadi, ku ji tsoron Allah. Wanda ka ba makullin gidanka, ka bar shi da yunwa wata biyu, kai ka tsaga bangonka da hannunka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

ƳAN BANGA DA MAFARAUTA

A ƙauye ba mu da kuɗin ɗaukar kamfani. Tun da can, idan tsoro ya zo, ana duban mafarauta da ƴan tauri, don sun san daji kuma ba su da fargaba. Yau garuruwa da yawa suna sa samari sintirin dare. Abu ne mai amfani. Ɓarawo ba ya son garin da ake kwana ido biyu.

Amma a nan ne tambayoyinmu uku suka fi nauyi. Mu dubi abin da ya faru a maƙwabta. A Zamfara, da satar shanu ta yi yawa, mutane suka kafa ƙungiyoyin ƴan sa kai. Da farko an ji daɗi. Daga baya wasunsu suka shiga kama mutum a kasuwa su kashe ba shari'a, sau da yawa don kawai Bafulatani ne. Ƴan'uwan waɗanda aka kashe suka shiga daji, suka nemi makami, aka shiga ramuwar gayya. Wutar da ta tashi ita ce ta koro dubban mutane zuwa garuruwanmu. Daga baya gwamnatocin can suka ga dole su kafa rundunonin sintiri masu rajista da horo da albashi. Katsina ta kafa tata a watan Oktoba 2023, Zamfara a watan Janairu 2024.

Mu ma muna da namu tabon. A watan Oktoba 1991, a Toda, nan cikin jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Wannan shi ne abin da ke faruwa idan fushi ya zama alƙali. Kada Allah ya maimaita mana.

Saboda haka garin da zai sa ƴan sintiri, ya bi hanya. Mai gari da dattawa su zaɓe su a bainar jama'a, a rubuta sunayensu. A sanar da sarki da hukumar komin da jandarmomi. A sa manomi, a sa makiyayi, don wanda aka bari a waje zai ga kamar don shi aka kafa. Abin da za a ba su, a tara shi a fili, a rubuta, kada su riƙa bi gida-gida suna karɓa da kansu. Idan sun kama mutum, su miƙa shi ga hukuma da lafiyarsa. Ba su da ikon duka, ba su da ikon cin tara, ba su da ikon yanke hukunci. Wanda aka sani da shaye-shaye ko ɗauke-ɗauke kada a sa shi. Ba a ba kura ajiyar nama.

KAI MA MAI TSARO NE

Mai karatu zai ce, ni talaka ne, ba ni da dogari, ba ni da mai gadi. Gaskiya ne. Amma dabarun da manya ke biyan kuɗi mai yawa a kansu, kai ma za ka iya aiki da su kyauta.

Idan ka sayar da sa, ko ka kai buhunan wake da gyaɗa kasuwar Maraɗi ranar Litinin ko Juma'a, kada ka ƙirga kuɗi a bainar jama'a. Idan da wurin ajiya ko wurin aika kuɗi kusa, ka yi amfani da shi, ka riƙe takardarka. Ku dawo gida tare, ku dawo da sauran rana. Kada ka faɗi ranar tafiyarka a dandali. Idan ɗanka ya aiko da kuɗi daga cin rani, ba sai gari ya ji ba.

Ku tuna, masu sace mutane ba su san gidan kowa ba. Wani ne ke nuna musu. Da ɗan gari akan ci gari. Idan baƙo ya zo yana tambayar wa ya fi shanu, wa ke da ɗa a waje, a gaya wa mai gari. Amma kada zato ya zama hukunci. A kai labari inda ya dace, a bar hukuma ta bincika. Kowane gari ya rubuta lambar wayar jandarmomi mafi kusa, a ba mutum uku ko huɗu, har da mata, don su ke gida idan maza sun tafi gona.

Makiyayi da ke kwana a daji yana ganin abin da mai kwana cikin gari ba ya gani. Manomi kuma yana jin abin da ake faɗi a kasuwa da masallaci. Idan suna gaisawa, suna ba juna labari, ɓarawo ba shi da wurin ɓuya. Idan suna gaba, shi ke cin riba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To ƴan'uwa, kun ji masu tsaro iri-iri: dogari, da madugu, da gardi, da jandarma, da mai tsaron manya, da mai gadi, da ɗan sintiri. Tufafinsu daban, makamansu daban. Amma duk wanda za ku ba amanar ranku ko ta dukiyarku, ku fara tambaya: wa ya sa shi, wa ke biyansa, gaban wa zai amsa? Idan amsar ta fito fili, ku ba shi haɗin kai, ku biya shi haƙƙinsa. Idan ba ta fito ba, ku yi hattara.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna. Ku tattauna shi a ajin yaƙi da jahilci da kuma zauren mai gari, musamman kafin samari su tafi cin rani. Allah ya tsare mu, ya tsare dabbobinmu da amfanin gonarmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.